Wa'azi bayan kowa ya gaji: muhawarar 'yan'uwa na ƙasar Zuru kan tsarin sujadar Lahadi

Malamin Makarantar Lahadi, Zuru:
Salama gare ku iyayena da 'yan'uwana cikin Almasihu. Akwai maganar da ta daɗe tana damuna, na ga gara in kawo ta nan mu tattauna a fili, da a riƙa gunaguni a bakin majami'a bayan an tashi. Maganar tsarin sujadarmu ce ta ranar Lahadi.

Muna shiga ƙarfe 9. Waƙar buɗewa, addu'a, karatu, sai sanarwa. Daga nan ƙungiyoyi su jeru: mawaƙa, Sabon Rai, Zumuntar Mata, matasa, wani makon har da Zumuntar Maza. Sai baiko, wato kuɗin da ake bayarwa a sujada, sai zakka, sai baikon gini, sai masu godiya ta musamman. Kafin mai wa'azi ya hau bagadi rana ta take, kwanon rufi ya ɗauki zafi, jarirai na kuka, tsofaffi na gyangyaɗi. Sai jagoran sujada ya matso ya raɗa masa cewa lokaci ya tafi, ya taƙaita. Bawan Allah ya kwana yana shirya saƙo, a ba shi minti 20, alhali sanarwa kaɗai ta ci minti 40.

Abin da nake roƙo ɗaya ne: a mai da wa'azi gaba, tun hankalin mutane na jikinsu, sauran abubuwa su biyo baya. Maganar Allah ce ta tara mu, bai kamata a ce ita ke samun ragowar lokaci ba.

Ma'aikaciyar Jinya, Birnin Kebbi:
Malam, Allah ya saka. Ni idan na yi aikin dare ranar Asabar, ina zuwa sujada kai tsaye ba tare da na runtsa ba. Abin da ya kawo ni shi ne na ƙarshe da ake yi, kuma sau da yawa lokacin idona ya riga ya rufe.

Uwar Zumunta, Dabai:
Ɗana Malam, na ji maganarka, amma ka lissafa waƙar mata cikin abubuwan da ke cinye lokaci, wannan kuwa ba zan bari ya wuce ba. Ka san matan nan sun baro girki da surfe da tallar kasuwa a tsakiyar mako sun zo koyon waƙa. Da yawansu ba su iya karatu ba. Ayar da ba za su iya buɗewa a Littafi Mai Tsarki ba, a waƙa suke haddace ta, su tafi da ita gona, su rera ta suna daka. Akwai wata tsohuwa a wurinmu, ita ke buga tulu tun muna 'yan mata. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma labarin ɓataccen ɗa da na Ayuba tana ba jikokinta su daga farko har ƙarshe, kuma a waƙa ta same su. Waƙarmu ma wa'azi ce. Idan za a rage, a nemi wani wuri.

Malamin Makarantar Lahadi, Zuru:
Mama, ban ce a hana mata waƙa ba, Allah ya kiyaye. Na ce a sauya jeri ne. Ku yi waƙarku bayan wa'azi, ta zama amsa ga abin da aka ji.

Uwar Zumunta, Dabai:
Bayan wa'azi kuma rabin maza sun fice. Mun gani a ranar godiya.

Dattijo Mai Ritaya, Rikoto:
'Ya'yana, bari in sa baki. Mu da muka tashi a hannun iyayen da suka karɓi bishara da fari, mun ga wani tsari dabam. Aikin mishan ya shigo ƙasar Zuru tun shekarun 1920, daga ƙungiyar da ikkilisiyar UMCA (United Missionary Church of Africa) ta fito daga cikinta. Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa ya fito a 1932, kuma da shi iyayenmu suka koyi karatu, Dakarkari da Fakkawa da Dukkawa da Kambari, kowa da harshensa a gida, Hausa ta haɗa su a majami'a. Masu bishararmu na dā, waɗanda suka yi makarantar Littafi Mai Tsarki a Tungan Magajiya, ba su da janareto, ba su da lasifika. Ƙarfen da aka rataya a bishiya ake bugawa, a taru, a yi waƙa 2 ko 3 daga littafin waƙoƙi, a yi addu'a, a buɗe Magana, a ba da baiko ɗaya, a tashi. Da yamma kuma a fita unguwanni da ƙauyuka wa'azi.

Ba na cewa zamaninmu ya fi naku tsarki. Mutane sun ƙaru, ƙungiyoyi sun ƙaru, wannan albarka ce. Amma kowace ƙungiya da aka kafa sai aka yanka mata rabo daga safiyar Lahadi, ba a taɓa zama aka duba ko safiyar za ta ɗauka ba. Tun da nake zama cikin dattawa ban ga an cire abu ko ɗaya daga tsarin sujada ba, ƙari dai ake yi.

Ɗan Sabon Rai, Ribah:
Baba, da girmamawa, ni ban ga laifin doguwar sujada ba. A Nehemiya sura 8, Ezra ya karanta Shari'a tun da sassafe har tsakar rana, jama'a na sauraro. Bulus ya yi ta magana a Taruwasa har tsakar dare. Mutum zai zauna kallon ƙwallon Ingila awa 2 bai motsa ba, amma awa 3 a gidan Allah ta zama nauyi? Matsalar a zuciya take.

Malamin Makarantar Lahadi, Zuru:
Ɗan'uwa, ka kawo mini hujja ne ba ka sani ba. Me Ezra ya yi tun safe har tsakar rana? Karatun Maganar Allah, Lawiyawa kuma suna bayyana ma'anarta domin jama'a su gane. Da awa 3 ɗinmu a kan Magana muke ƙarar da su, da ban buɗe baki ba. Kuma ka tuna a daren nan na Taruwasa wani saurayi barci ya kwashe shi ya faɗo daga taga. Jiki jiki ne, ko a gaban manzo.

Magatakardan Ikkilisiya, Zuru:
Tunda an taɓo sanarwa, bari mai karanta ta ya yi magana. Kuna ganin daɗi nake ji in tsaya minti 40 ina karatu? Ranar Asabar da dare nake tsara takardu 5 ko 6. Da safe kafin in kai bagadi an miƙo mini wasu 10: wasiƙar gunduma, gayyatar aure daga wata ikkilisiya, taron matasa, sunan jariri, rasuwa, neman taimakon mara lafiya, cigiyar akuya. Kowa kuma so yake a karanta tasa daga gaisuwa har sa hannu. Ranar da na taƙaita wata gayyatar aure na faɗi rana da wuri kawai, uban amarya ya yi makonni ba ya amsa gaisuwata. Cewa ya yi na rena gidansa.

Ga kuma maimaitawa. Abin da na karanta da Hausa, wani dattijo zai tashi ya sake shi da C'lela, harshen Dakarkari, saboda tsofaffi, wani lokaci a ƙara da Turanci saboda ma'aikata da ɗaliban da aka turo daga kudu. Sanarwa ɗaya ta zama 3.

Ma'aikaciyar Jinya, Birnin Kebbi:
To me zai hana a tura sanarwa ta WhatsApp, a manna sauran a allo?

Uwar Zumunta, Dabai:
'Yata, a Birnin Kebbi kike. Matan da nake jagoranta, masu babbar waya ba su kai rabi ba, masu karatu ma haka. Idan ba a faɗa da baki a majami'a ba, gwauruwar da ke bayan gari ba za ta san an yi rasuwa a gidan 'yar'uwarta ba sai an yi jana'iza. Sanarwar nan da kuke gani, da ita muke sanin wa ke kwance, wa ya haihu, gidan wa za mu kai ruwa da itace.

Ɗan'uwa Ɗan Katolika, Yelwan Yawuri:
Ku ba ni dama in faɗi yadda muke yi, ko da abin ɗauka. A wurinmu jerin ba ya hannun mai jagora, a rubuce yake, kuma ɗaya ne ko a Yawuri ko a Kwantagora ko a Roma. Karatu na fari, Zabura, karatu na 2, Bishara, nan take Fada ya yi wa'azi. Bayan haka a furta bangaskiya, a yi addu'o'in jama'a, sannan baiko, sannan Jibi, wato Jibin Ubangiji. Sanarwa sai an gama karɓar Jibi, dab da albarka. Don haka wa'azi na samun mutane da sauran ƙarfinsu. Amma kada in ɓoye muku, mu ma ranar godiyar kaka ko ranar tara kuɗin gini, abin da ke biyo bayan Jibi yakan fi sujadar kanta tsawo, kuma mutane na sulalewa.

Ma'ajin Ikkilisiya, Mahuta:
Wannan sulalewar ita ce abin da ba a son faɗa. Bari ni in faɗa tunda ni ke ƙirga kuɗin. Dalilin da ya sa ake ajiye wa'azi a ƙarshe, tsoro ne kada mutane su ji Magana su tafi ba su ba da baiko ba. Kuma tsoron yana da tushe. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, abin da janareto ke sha a Lahadi ɗaya ya ninka ya sake ninkawa. Ga albashin fasto, ga kason da ake aikawa gunduma, ga masu bishara na ƙauye da muke tallafawa, ga marasa lafiya. A farkon shekarar 2023 da aka yi ƙarancin takardun naira, akwai Lahadin da na buɗe akwatin baiko na rasa abin da zan ce wa dattawa. Baiko 4 da kuke gani ba kwaɗayi ba ne, kowanne da ramin da yake cikewa.

Dattijo Mai Ritaya, Rikoto:
Ɗana Ma'aji, na gode da gaskiyarka, amma ka dubi abin da ka faɗa da kyau. Mun riƙe Maganar Allah ne a matsayin jingina har sai an biya. Kuma baiko 4 ba ya ƙara kuɗin da ke aljihun manomi. Wanda ya zo da naira 500 zai canza ta ne a wurin mai kosai, ya raba ta 4, ya fita rawa sau 4. Kuɗin ɗaya ne, lokacin ne ya tafi. Bulus ya gaya wa Korintiyawa kowa ya riƙa ware abin da zai bayar a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa. A koya wa mutane wannan, a fita sau ɗaya, dattawa su zauna su raba.

Mai Bishara, yankin Sakaba:
Ina karanta maganganunku tun ɗazu, sai yanzu na sami sabis mai ƙarfi. Iyayena, ku yi mini haƙuri, abin da kuke muhawara a kai mu ya riga ya wuce mu. Mu a nan sujada ba ta kai awa ɗaya da rabi ba, kuma ba wani kwamiti ne ya yanke ba, halin tsaro ne. Ƙarfe 7 muke shiga. Matasa 2 ko 3 suna waje suna duban hanya, su ba sa jin wa'azin ma sai an tashi in maimaita musu a gindin bishiya. Mun daina buga ganga da ƙarfi. Addu'ar dare da muke yi a ƙarshen wata mun mai da ita cikin gidaje. Da an yi waƙa ɗaya da addu'a nake buɗe Magana, domin ban san ko za mu kai ƙarshe ba.

Ikkilisiyoyi nawa ne a Danko-Wasagu da Sakaba da aka rufe ƙofarsu, mutanensu suna Ribah da Zuru da Dirin Daji a gidajen 'yan'uwa? Ku da kuke gari, waɗannan mutanen suna zaune a bencin bayanku kowace Lahadi. Ina roƙo, duk tsarin da za ku gyara, ku gyara shi da su a zuciya.

Uwar Zumunta, Dabai:
Allah ya tsare ku, Malam. Muna tuna ku a addu'ar safe kullum.

'Yar'uwa Mai Gudun Hijira, Zuru:
Ban saba magana a cikin manya ba, amma tunda Malam ya ambace mu. Gaskiya ba tsawon sujada ne ya fi yi mini nauyi ba, fitar baiko ce. Layi-layi ake tashi, mai kula da ƙofa ya tsaya a bakin bencinku, kowa ya miƙe. A garinmu ni ke kawo damin dawa ranar godiya, har da kaza. Yanzu ko gonar ban iya zuwa ba. Idan na zauna kowa ya ga na zauna. Idan na tashi, hannu a dunƙule nake zuwa in sa shi cikin akwati in buɗe, babu komai a ciki, in dawo. Sau 4 a sujada ɗaya. Akwai mata 'yan garinmu da suka daina zuwa saboda wannan, sai su ce jiki ne ba daɗi. Ba jiki ba ne.

Kuma ranar da ake kiran masu dubu 10 su fito, masu dubu 5 su fito, a yi musu addu'a ta musamman, yarana suna tambayata mu yaushe za a yi mana tamu.

Ma'ajin Ikkilisiya, Mahuta:
'Yar'uwa, maganarki ta shige ni. Mukan ga ambulan babu komai a ciki idan muna ƙirga, ashe ga abin da ke bayansa.

Baba Fasto, Zuru:
Salama, 'ya'yana. Na bar ku ku yi magana ne don in ji, domin abin da ake faɗa a nan ba a faɗa mini shi a ofis.

'Yata mai gudun hijira, ki gaya wa matan nan su dawo, wurinsu na nan. Yesu ya zauna yana kallon masu zuba baiko a Haikali, wadda ya yaba ita ce gwauruwa mai anini 2. Yakubu kuma a sura 2 ya tsawata wa ikkilisiyar da ke ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau ta bar matalauci a tsaye. Kiran mutane da yawan kuɗinsu a gaban jama'a, ban ga inda zan kare shi daga Littafi ba. Mun aro shi ne daga tarurrukan ƙaddamarwa, ya shigo majami'a ya zauna.

Game da jeri, Malamin Makarantar Lahadi yana da gaskiya, amma ba dukanta ba. Sujada ba wa'azi kaɗai ba ce. Waƙa, addu'a, baiko, gaisuwar baƙi, Jibin Ubangiji, duk sujada ne, kuma Uwar Zumunta ta faɗi abin da ya kamata mu riƙe. Amma an ce a yi kome da kyau bisa tsari, kuma tsarin da ke sa mai wa'azi ya tsallake rabin nassinsa yana duban agogo ba tsari ba ne. A 2020 lokacin korona, da aka matsa mana mu gajarta, mun yi sujada cikakkiya cikin ɗan lokaci, ba wanda ya ce bai sadu da Allah ba. Da aka sassauta muka koma gidan jiya.

Abu ɗaya da zan ƙara wanda ba ku taɓo ba: mun ɗora wa Lahadi kayan mako duka saboda tsakiyar mako ta mutu. Binciken Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba, mutum nawa ke zuwa? Addu'ar safe in ba mata da tsofaffi ba, wa ake gani? Tunda mun san sau ɗaya za mu ga jama'a, shi ya sa kowa ke cusa nasa a ranar.

Ɗan Sabon Rai, Ribah:
Baba Fasto, da damina ba laifin mutane ba ne. Mutum ya wuni yana noma ko shuka, ƙarfe 4 na yamma yana gona. A mai da binciken bayan faɗuwar rana a unguwa-unguwa, gida 5 ko 6 su haɗu, za ku ga bambanci. Amma ni har yanzu ina kan bakana, kada garin gyara a mai da sujadarmu ta bushe. Matasa da yawa kiɗa da waƙa ne ke riƙe su.

Ɗalibi, Gusau:
A inda nake zuwa nan Gusau an raba sujada 2, ta Turanci da safe, ta Hausa ta biyo baya. Dole ta farko ta tashi a kan lokaci don masu shigowa na jira a waje. Ƙungiyoyi kuma juyi suke yi, 2 a wannan mako, 2 a mako mai zuwa. Abin da na ga ya rage shi ne iyaye da 'ya'ya ba sa zama sujada ɗaya, matasa duk sun koma ta Turanci, ta Hausa ta zama ta tsofaffi. Ban so a kawo mana wannan gida ba.

Uwar Zumunta, Dabai:
Juyin nan zan iya kai wa mata, in dai kowa zai yi, ba mu kaɗai ba. Mawaƙa da Sabon Rai ma su yarda su huta wani makon. Kuma ranar mata ta shekara ba a taɓa mana ita.

Dattijo Mai Ritaya, Rikoto:
Baba Fasto, a zaman dattawa mai zuwa zan kawo maganar baiko ɗaya da akwati a bakin ƙofa, wanda ke da shi ya sa, wanda ba shi da shi ya wuce ba wanda ya sani. Ma'aji, ko da ba ikkilisiyarmu ɗaya ba, ka gwada lissafin wata 3 a wurinku ka gaya mana ko kuɗin ya ragu.

Ma'ajin Ikkilisiya, Mahuta:
Zan kai wa namu dattawan, Baba. Amma a bari sai bayan godiyar kaka, domin a kan ta muka dogara mu gama rufin gidan fasto. Rawar baiko kuma akwai masu sonta ƙwarai, ba za su sake ta da sauƙi ba.

Magatakardan Ikkilisiya, Zuru:
Ni nawa mai sauƙi ne idan Baba Fasto ya goya mini baya a gaban jama'a. Duk takardar da ba ta iso hannuna ranar Asabar da yamma ba, sai mako na gaba, in ban da rasuwa da rashin lafiya. Gayyatar aure in faɗi suna da rana da wuri, takardar a manna a allo. Amma Baba, kai za ka sanar da wannan da bakinka, kada iyayen amare su ce ni na ƙirƙiro.

Baba Fasto, Zuru:
Zan sanar. Wa'azi kafin sanarwa kuma mu gwada shi Lahadin farko ta wata, ranar Jibi, mu ga ko mutane za su zauna har albarka. 'Yata mai gudun hijira, ki turo wa Uwar Zumunta ta wurinku sunayen matan nan a ɓoye, ba a nan ba. Ni da matata za mu bi su gida-gida cikin makon nan.

'Yar'uwa Mai Gudun Hijira, Zuru:
To Baba, na gode. Biyu daga cikinsu ba sa jin Hausa sosai, in za a samu mai jin C'lela ya raka ku.

Malamin Makarantar Lahadi, Zuru:
Ni zan raka su. Baba, Talata da yamma bayan an tashi daga makaranta ya yi?